Kujera Ɗaya a Jirgin Ikko

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyar labarina. Yau ba zan ja ku da doguwar gaisuwa ba, don jaririyar da ke kan cinyata ba ta barina in zauna da yawa, abin da ke cikin raina kuwa ya fi ta nauyi.

Ga wanda yau ne ya fara gamuwa da ni, sunana Furera, 'yar Malam Hamman ta Ƙafin Maiyaki. Baffa muke ce masa. Yana noma, yana da 'yan shanunsa a bayan gari. Ni kuma ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare a Kiru, kullum in hau achaɓa in je in dawo. Mu biyu ne muka rayu a ɗakin Inna Kulu, daga Adda Zuwaira sai ni. Adda tana aure a Ikko, a Agege, gidan Yaya Sabo mai fataucin shanu. Shekara da shekaru ciki na zube mata, sai a bana Allah ya sa ya tsaya.

Sai kuma Ɗahiru. Ɗan Tudun Wada ne, yana aiki a wani ɗan ofis a Kano inda ake yanka wa mutane tikitin jirgi, a kama musu masauki. Ejan dai. Duk Juma'a da yamma zai zo zance a kan Vespa, cikin farin yadi mai karin guga kamar zai yanka mutum, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga zaure. Ni ina sonsa, ba zan ɓoye muku ba. Amma a gidanmu ba a gama yarda da shi ba, musamman Kawu Uba, ƙanin Baffa, wanda ya taɓa zuwa Hajji, don haka duk maganar jirgi shi ne malaminta a danginmu.

“Dillalin iska,” haka yake kiransa. “Dillalin shanu za ka ga sa, ka dafa tozonsa. Dillalin hatsi ka cusa hannu a buhu. Shi wannan me yake sayarwa? Kujerar da ke sama, ba tasa ba, kuma bai taɓa zama a kanta ba.”

Abin haushin, gaskiya ne. Ɗahiru bai taɓa hawa jirgi ba. Duk sanda Kawu ya faɗi haka sai in ji kamar ni ya mara, in ta roƙon Allah ya kawo ranar da za su ga amfaninsa.

Ranar ta zo, ba yadda na roƙa ba.

Wata Alhamis ina cikin aji, masinjan sakatariya ya leƙo ya ce an bugo mini waya daga Ikko, za a sake bugowa bayan azahar. Na je na zauna a benci gaban wayar nan ina jira. Da ta yi ƙara, muryar Yaya Sabo ce can nesa, kamar daga cikin rijiya.

“Furera, kina jina? An kwantar da Addarki. Jininta ya hau, ƙafafu sun kumbura ko silifa ba sa shiga. Likita ya ce ranar Litinin za su yi mata aiki su ciro abin da ke cikin.”

“Innalillahi. Yaya jikin nata yanzu?”

“Da sauƙi za a ce. Amma ba ta da magana sai ta Inna. Ku biyo jirgi, kar ku shiga mota da wahalar man nan, sai ku kwana a hanya. Zan tsaya muku a filin jirgi ranar Lahadi.”

Da na kai labari gida, Inna na tankaɗe. Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Allah ya raba lafiya,” ta ci gaba da kaɗa rariya, sai dai na lura garin ya ƙare tuntuni, dusa kawai take juyawa. Kun san Inna Bafulatana ce ta gaske, Adda kuwa 'yar fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunanta ba, sai dai ta ce “Addarki” ko “waccan ta Ikko”. Ko ranar da aka kai Adda ɗaki ba ta yi hawaye a gaban mutane ba. Baffa ne ya yanke magana. Ya ce Inna za ta tafi, ni in raka ta tunda ina jin Turanci. Washegari ya sa aka ja bajimi guda zuwa kasuwa.

Da yammar Juma'a Ɗahiru ya zo kamar kullum, ya tarar da Baffa da Kawu a zaure suna shawara. Na kawo musu fura, na durƙusa ina zubawa, kunnena na kansu.

Kawu ya ce, “Gobe da sassafe zan kai su ofishin kamfanin jirgin da ƙafata. A ba mai jirgi kuɗinsa a hannu, ya rubuta suna ina kallo. Zuwa da kai ya fi aike.”

Ɗahiru ya gyara zama, ya sunkuyar da kai. “Kawu, da za a bar mini wannan hidimar, da na ji daɗi. A ofishin kamfani layi za ku bi, ƙila ma a ce ku dawo. Mu muna da mutanenmu a ciki. Akwai rangwame kuma, har da masaukin da za su kwana kusa da filin jirgi, tunda tashin safe ne.”

“In abu ya ɓaci, wa za a kama? Kai ko mai jirgin?”

“Ba abin da zai ɓaci, in sha Allahu.”

Ya kamata in ɗauki ƙwaryata in shige. Yarinya mai kunya haka za ta yi. Amma sai na ji bakina yana cewa, “Baffa, aikinsa ne fa. Kullum shi yake yi wa manyan mutane. Ko alhazan birni wurinsu suke zuwa.”

Kawu ya dube ni tun daga ɗankwali har ƙafa. Baffa ya ɗan yi murmushi irin na wanda ya gane inda aka dosa, ya ce, “To, Uba, mu ba yaron nan dama. Wanda ke neman a ba shi riƙon mutum, a fara ganin yadda zai riƙe takarda.”

Kawu ya shafa gemu ya miƙe. “Shi ke nan. Ku da ejan ɗinku. Ni na huta da zuwa Kano.”

Wallahi a ranar daɗi na ji. Na shiga ɗaki na fito da atamfata mai ruwan ganye wadda nake ajiya don sallah, na goge ta da dutsen guga na gawayi, na jera ta da mayafi da takalmi a kan gado. Addata na kwance a asibiti, ni ina duba ko ɗaurin ɗankwalina zai dace da shiga jirgi. Inna kuwa nata shirin daban ne. Man shanu a kwalba, kanwa ta kunun mai jego, yaji, kuka, daddawa, da rubutun da liman ya yi aka wanke aka zuba a wata 'yar jarka. Ta ɗaure su a tsohon zanenta na saƙi, ta ƙulle bakin sau biyu.

Asabar da la'asar muka sauka a masaukin da Ɗahiru ya kwatanta. Inna na ganin allon ƙofar ta tambaye ni me aka rubuta. Na ce masaukin baƙi ne. Ban ce otal ba, don da ta ji wannan kalmar da a bakin titi za ta kwana. Mutumin da ke kan tebur ya duba ya sake dubawa, ya girgiza kai.

“Ba ku da ɗaki a nan, Malama.”

“An ce an kama mana tun jiya. Ofishin su Ɗahiru.”

“An bugo an ce a ajiye, amma ba wanda ya zo ya tabbatar. Da rana wani ya zo da kansa, muka ba shi. Da ku kuka zo da ƙafarku, ai da tuni kuna ciki.”

Muka zauna a benci ƙarƙashin fanka, Inna ta rungume ƙullinta, maza na shiga suna fita suna kallonmu. Sai dab da magariba Ɗahiru ya iso, farin yadin nan ya jiƙe sharkaf da gumi. Ya yi ta magiya har aka ba mu wani ɗan ɗaki a baya, jikin injin wuta. Ya durƙusa ya ba Inna haƙuri, ya ce babban ofishi ne ya yi sakaci.

“Wane babban ofishi?” na tambaye shi da muka fito baranda.

“Wanda muke karɓar tikiti a hannunsu. Mu ƙanana ba ma yanka kai tsaye daga kamfani, sai ta wurinsu.”

Ashe shi ma ɗan aiken wani ɗan aike ne. Ban taɓa sani ba. Ya miƙo mini tikiti biyu masu jan rubutu, na karɓa kamar an ba ni sadaki.

“Komai ya tabbata ko?”

“In sha Allahu. Mutumina na can gobe.”

Yana faɗa yana gyara madubin Vespa, bai dube ni ba. Na gani, 'yan uwa. Na gani sarai, na kau da kai. Da na matsa masa a lokacin, ƙila da an san abin yi. Amma na fi son in yarda da shi.

Da safe filin jirgi ya cika maƙil. 'Yan kasuwa da manyan jakunkuna, sojoji, Turawa biyu, ga 'yan kamasho suna ta kai-komo. Muka bi layi, Ɗahiru na gefe yana ta ɗaga wuya yana neman mutuminsa. Da muka isa gaban ma'aikaciyar, ta karɓi tikitina ta buga masa hatimi nan take. Ta karɓi na Inna, ta duba, ta turo shi baya.

“Wannan ba ta da kujera. Tana cikin masu jiran tsammani, jirgi kuma ya cika.”

“Tare muke, mahaifiyata ce. Tare aka yanka mana.”

“Wa ya yanka muku?”

Na nuna Ɗahiru. Ta taɓe baki.

“To ku koma wurinsa. Tikitin da ba mu muka yanka ba, ba ma taɓa shi a nan. Na baya ya matso.”

Na bayan wani dattijo ne da yake son a mayar da tafiyar matarsa zuwa jibi. Da yake a ofishinsu ya saya, ina tsaye ta ja layi da biro ta gyara masa, har da yi masa a sauka lafiya.

Ɗahiru ya ce mu tsaya nan kar mu motsa, an ce mutuminsa yau ba ya aiki, amma zai ga manaja. “Ko ba a samu wannan ba, akwai jirgin yamma, shi kam ba ya cika.” Ya kutsa cikin mutane ya ɓace.

Muna tsaye aka fara kiran masu tafiya Ikko. Wata Hajiya mai haƙorin Makka da awarwaron gwal, wadda ta ce sunanta Maimuna kuma duk wata take zuwa Ikko saro atamfa, ta ji abin da ake ciki. Ta matso ta rage murya.

“'Yan nan, a jirgin gida wa ke duba suna? Hatimi kawai suke kallo. Ba wa tsohuwa naki ta shige. Ni zan riƙe hannunta har in danƙa ta ga surukin nata. Ke kya biyo na yamma.”

Inna ta juyo ta dube ni. Har in mutu ba zan manta wannan kallon ba. Ta gyara ƙullin da ke hannunta, ta ce a hankali, “Ko ke za ki fi amfani a can? Ke ce mai jin yaren likitoci.”

Tambaya ce, ba umarni ba. Inna ba za ta taɓa buɗe baki a gaban baƙuwa ta ce ni zan tafi wurin 'yar farina ba. Kunya ba za ta bar ta ba. Jira take in ce, “Haba Inna, ke take kira, karɓi.” Kalma shida kacal. Ta tagar gilashi ina hango jirgin, fari fat, rana na haska shi, an jingina masa tsani. Tun ina yarinya nake ganin irinsa kamar tsinke a saman gonarmu.

Na ce, “Ai sai gobe ne aikin, Inna. Kuma Ɗahiru ya ce na yamma ba ya cika.”

Ta gyaɗa kai. “To je ki. Allah ya tsare.” Ta kwance ƙullin, ta zaro 'yar jarkar rubutun nan ta ba ni. “Ki ba ta ta sha da bisimilla. Sauran na taho da su.”

Hajiya Maimuna ta dube ni, ta ja jakarta ta yi gaba.

Kuna so in ce muku na yi ta kuka a cikin jirgi? Ban yi ba. Na samu wurin taga. Da ya ɗaga, na ƙanƙame kujera, sannan na ga Kano ta koma kamar faifan da aka shanya gero. Dariya ta kusa kuɓuce mini. Aka kawo lemo da ɗan burodi mai zaƙi, na cinye tas, har na ninke takardar goge bakin na sa a jaka don in nuna wa 'yan ajina. Sai da muka shiga gajimare, ƙasa ta ɓace, na tuna Inna ko karyawa ba ta yi ba.

Yaya Sabo na tsaye a bakin ƙofar fita, idanunsa jajir. Ya leƙa bayana.

“Ina Inna?”

“Tana tafe a jirgin yamma.”

Ya dafe kai. “Da asuba Addarki ta fara jijjiga. Sun ce ba za a kai gobe ba, yanzu za su shiga da ita. Ni ma don ku na fito.”

Ban san yadda muka ratsa cunkoson Ikko ba. Na dai ga kaina a wani dogon ɗaki mai warin magani, an ce mutum ɗaya zai shiga, kuma a gaggauta. Da ƙyar na gane Adda. Fuskarta ta kumbura, idanun sun shige ciki, an sa mata wata koriyar riga, an cire mata 'yan kunne. Ta kama hannuna da hannunta mai zafi.

“Furera. Kun iso.” Idonta ya wuce ni zuwa ƙofa. “Ina Inna?”

Ma'aikatan jinya biyu sun riga sun kama gadon. Na dubi idon nan nata, tsoro fal a ciki, irin na yaron da aka bari a duhu.

Na ce, “Tana nan waje. Mutum ɗaya suke bari ya shigo, kin san ta da kunya, ta ce ni in shiga.”

Sai na ga kafaɗunta sun sauka. Har ta ɗan yi murmushi. “Inna ke nan. Ko yau ma.” Na ɗiga mata rubutun a leɓe don an ce kar ta sha komai. Suna tura gadon tana cewa, “Ki ce mata kar ta yi nisa. In na fito ita nake so in fara gani.”

An ciro 'ya mace da rai. Adda ba ta farka ba. Kafin la'asar likita ya kira Yaya Sabo gefe, na ga ya zame jikin bango ya zauna a ƙasa. Kafin magariba mutanen Agege sun yi mata sutura sun kai ta.

Jirgin yamma ya sauka babu Inna. Shi ma ya cika. Daga baya na ji yadda aka yi: kamfani ya ce a koma wurin ejan, babban ofishin kuma a rufe saboda Lahadi ce. Da Ɗahiru ya ga ba mafita, ya jingine Vespa a tasha, ya shiga doguwar bas da Inna, ya bar mata kujera shi ya zauna a kan buhu a tsakiyar mota har Ikko.

Litinin da hantsi suka iso, ranar da aka ce za a yi aikin. Ina zaune a tsakar gida da jaririya a hannu na hango ta ta shigo lungun, ƙullin nan a kanta, zanenta duk ya yamutse. Ta ga tabarmi a ƙofar gida, ta ga maza a jere sun yi jugum. Ta tsaya. Ba wanda ya gaya mata komai. Ta sauke ƙullin a hankali ta ajiye gefen kwata, ta ce, “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.” Sannan ta nemi buta. Da ta idar da salla ta miƙo hannu, na ba ta jaririyar. Ba ta tambaye ni komai ba, a ranar ko bayanta, sai jiya.

Bayan sadakar bakwai muka dawo gida a mota, da yarinyar. An mayar mata da sunan uwarta, amma Kyauta muke kiranta. Wata maƙwabciyarmu mai goyo ke shayar da ita, sauran hidima ni da Inna. Na ɗauki hutu a makaranta. Atamfar nan mai ruwan ganye na cusa ta ƙarƙashin akwati, ko ganinta ba na son yi.

Kawu Uba bai ce “ai na faɗa” ba, da ma ya faɗa da ya fi sauƙi. Abin da ya ce wa Baffa kawai shi ne, kar ya sake ganin tayar Vespa a ƙofar gidan nan. Goggonnina suka ɗauka. Duk wadda ta zo gaisuwa sai ta ja ni gefe. “Mutumin da ya hana uwa ganin 'yarta, shi za ki aura? Da wane ido za ki dubi Kulu?” Kowa Ɗahiru, Ɗahiru. Ba wanda ya ambaci sunana, ni kuwa ina jinsu ina jijjiga Kyauta.

Jiya da la'asar ya zo, a ƙafa daga bakin titi. Ya rame, rigar ba guga. Muka tsaya a gindin dalbejiyar ƙofar gida, nesa da juna kamar baƙi.

“Na zo in gaya wa Baffa gaskiya, amma na ga ya kamata ke ki fara ji,” in ji shi. “Tun ranar Asabar na san kujera ɗaya ce. Babban ofishin suka ce ita kaɗai ta rage a kasonsu, sunan wa za a sa, ɗayan a bar shi a jira. Furera, ban yi tunani ba. Sunanki ne ya fito daga bakina. Na ɗauka mutumina zai gyara na Inna da safe, ba wanda zai sani.”

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba.

“Akwai wanda ya fi wannan. Na je ofishin kamfanin da kaina bayan mun dawo. Ranar Asabar da safe, lokacin da Kawu ya ce zai kai ku, suna da kujeru a hannunsu. Kasonmu ne ya ƙare, ba jirgin ba. Da na taka na je, da na samu. Na ji kunyar a ce ejan ya bi layi kamar kowa.”

Hawaye na zuba a fuskarsa bai share ba. Wata uku da suka wuce, da wani ya ce mini akwai namijin da sunana zai riga komai fitowa daga bakinsa, da ban yi barci ba don murna. Jiya ji na yi kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji.

Na ce, “Kai ka ba su sunana, Ɗahiru. Ni kuma da aka kira, na amsa.”

Bai gane ba. Kafin ya tambaya, Baffa ya fito daga masallaci shi da Kawu. Ɗahiru ya cire takalmi ya bi su zaure, ni na shige ciki.

Inna na zaune a ƙofar ɗakinta, ta kwantar da Kyauta a kan ƙafafunta tana shafa mata man shanu, wanda ta ɗauko don mai jego. Na zo zan wuce ta ce, “Zauna.” Na zauna a bakin tabarma. Ta daɗe tana murza 'yan yatsun yarinyar ɗaya bayan ɗaya.

“Addarki,” ta ce, ba ta dube ni ba. “Kin same ta da hankalinta?”

“Na same ta, Inna.”

“Ta tambaye ni?”

Duk tsawon kwanakin nan ina shirya amsar wannan tambaya, amma da ta zo sai duk abin da na shirya ya gudu. Na gaya mata yadda aka yi. Na ce ta tambaya, na ce mata kina waje, kunya ce ta hana ki shiga. Na ce ta yi murmushi, ta ce kar ki yi nisa. Ina faɗa ina jiran ta ɗago ta tsine mini, don wallahi da ta yi da na samu sauƙi.

Hannunta ya tsaya a kan cikin Kyauta. “Ta yarda?”

“Ta yarda.”

Ta gyaɗa kai a hankali, ta sake gyaɗawa. Hawaye guda ya ɗiga a goshin yarinyar, ta sa babban yatsa ta shafe shi tare da man.

“Gara da kika ce haka. Da kin ce ina Kano, da ta shiga ita kaɗai.” Ta ja numfashi. “Matar nan mai gwal ta yi gaskiya, da na iya shiga jirgin. Na so in ce ba ni, bakina ya ƙi. Ke ma naki ya ƙi. Kowa ya riƙe nasa, Furera, kar ki ɗora wa yaron mutane duka.”

Ashe ta sani. Tun a filin jirgin ta sani, ta kuma yi ta ba ni abinci da hannunta duk kwanakin nan.

Ban gama share fuska ba na ji gyaran muryar Baffa daga bakin zaure. Bai saba kirana gaban baƙi ba.

“Furera, sa mayafinki ki zo. Yaron nan ya faɗi nasa, kawunki ya faɗi nasa. Na ce ba zan yanke maganar aurenku ba sai na ji wadda ta hau jirgin.”

Inna ta ɗauki Kyauta ta ɗora mini a baya, ta ja zanen goyon ta ɗaure shi tam da kanta.

“Je ki,” ta ce. “Wannan karon ki buɗe bakin.”